Sawun da Ya Tsallake Layi

Ranar Litinin da ƙarfe tara na safe Sakatare ya ja aljihun teburinsa, ya tarar babu ambulan ɗin Bahago. Ina tsugune ina cuɗa safunan 'yan wasa na hango shi ya fito daga ofis yana salati, hannu a ka, tabarau ya zamo har kan hanci. Kafin in ɗauraye hannuna labari ya kai bakin ƙofa, inda masu goyon bayan ƙungiyarmu suke zaman shayi tun safe kamar an ɗauke su aiki.

Ambulan ɗin ba ƙaramin abu ba ne. A ciki akwai fasfon Bahago mai ɗauke da biza, da takardar gayyata daga wata ƙungiya ta ƙasar waje da ta kira shi gwaji, da tikitin jirgin da zai tashi ranar Alhamis. Bahago shi ne ɗan wasanmu na gaba, shekararsa goma sha tara, kuma ƙafar hagun nan tasa ita ce abin da muke taƙama da shi a garin. In ba a ga fasfon ba kafin Alhamis, gwaji ya wuce shi, don can ba sa jiran kowa.

Ni ce mai wankin rigunan ƙungiyar, yara suna ce mini Inna. Mijina shi ne mai kula da fili, kowa Bi-Sawu yake ce masa, don kafin gwiwa ta zaunar da shi ya yi shekara ashirin yana bin sawun dabbobin da aka sace. Yanzu shekararsa goma sha biyu yana ban ruwa da aske ciyawa da zana layi. Mutum ne da ba ya tuna inda ya ajiye hularsa, amma in muka dawo daga unguwa zai dubi ƙofar gida ya gaya mini wanda ya zo ba ma nan, da ko ya daɗe yana sallama.

Mutanen bakin ƙofa ba su jira wani bincike ba. Kafin shayinsu ya huce sun gama shari'a, sun ce Kashi Goma ne.

Kashi Goma shi ne ejan ɗin Bahago, wato wakilin da yake nema wa ɗan wasa ƙungiya, ya yi masa ciniki, a yanka masa kashi goma cikin ɗari, inda sunan ya samo asali ke nan. Shi ya kawo ambulan ɗin ranar Lahadi da yamma, a manne da salatif, ya ce a kulle sai Litinin a buɗe a gaban Shugaban ƙungiya da iyayen yaron. A gabansa aka sa shi a aljihun tebur. Wasu suka ce ya samu wata ƙungiyar da za ta fi biya ne, shi ya sa ya dawo ya ɗauke don a ɗora wa kulob laifi. Wasu suka ce riƙe fasfon zai yi har sai yaron ya sa masa hannu na shekara goma. Mai shayi ya taƙaita zancen ya ce ai aikinsu ke nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba zan ɓoye ba, ni ma shi na zarga. Ban taɓa son mutumin ba. Waya biyu, turare kamar an yi ɓarinsa, takalmi mai tsinin baki, kuma kowa ya gani sai ya ce masa babban mutum, har maigadi.

In ana irin wannan zancen, hujjar kowa ita ce Kawu. Ƙanen uwar Bahago ne, shi ya raine shi tun mutuwar ubansa, kuma shi ne tsohon golanmu da ya yi shekaru yana tsare mana raga. Yanzu yana da shagon gyaran keke a bayan fili, yakan shigo da yamma ya koya wa masu tsaron raga. Yana ɗan shekara ashirin da biyu wani ejan ya kai shi ƙasar waje da tikitin zuwa kaɗai, ya ajiye shi a ɗakin otal, ya ce bari ya je ya dawo. Har yau bai dawo ba. Kawu ya yi shekara biyu yana wankin mota a ƙasar da bai iya gaisuwarta ba kafin ya samu hanyar gida. Ranar nan kowa yana nuna shi yana cewa a tambayi Kawu, shi kuwa yana tsaye can gefe, hannu a aljihu.

Da Shugaba ya iso ya saurari kowa, sai ya dubi Kashi Goma, wanda ya zo da gudu har bai ɗaura agogo ba, ya ce ya ba shi zuwa Laraba da la'asar. In fasfo bai fito ba, zai rubuta wa hukuma ta ƙwace lasisinsa, ya kuma aika wa duk ƙungiyoyin da ya sani kada su sake buɗe masa ƙofa.

"Ranka ya daɗe," in ji Kashi Goma, "ni ba ni da shago, ba ni da gona. Sunana kaɗai nake ci da shi."

Wani daga baya ya ce ashe kuwa ya daɗe yana kwana da yunwa, aka yi dariya. Ni ma na yi.

*

Ba a fasa ƙofar ofis ba, da makulli aka buɗe. Makullai uku ne: na Sakatare, na Shugaba, da na ko-ta-kwana da yake rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗakin wankina. Ɗakin nan da waya ake ɗaure shi, kuma babu wanda bai san da makullin ba a kulob ɗin. Da na leƙa na same shi, sai dai a ƙusa ta biyu, inda nake rataye soso. Ina faɗa, Sakatare ya kalle ni ta saman tabarau ya ce to, biri fa ya yi kama da mutum. Na gaya masa shekara goma sha ɗaya ina tsintar canji a aljihun wandunan yaran nan ina mayar musu, in fasfo zan sata da na fara da nasa in ga ko hotonsa ya fi shi kyan gani. Bai sake duban inda nake ba.

Duk wannan hayaniyar maigidan yana tsugune a ƙofar ofis yana kallon ƙasa. A ranar, bayan asuba ya ba fili ruwa, ya zana layuka da farar ƙasa, ya koma gida karin kumallo daga shida da rabi zuwa takwas. Mutane suka taru a kansa suna nuna masa sawun takalmi mai tsini, suna cewa ga shi nan ƙiri-ƙiri. Ya ce na jiya ne, don ɗigon ruwan tiyo ya sauka a kansa, wanda ya taka bayan ban ruwa kuwa sawunsa ne yake hawa kan ɗigo. Ba su ji daɗin maganar ba, wani ma ya ce ko an sa masa wani abu a aljihu.

Sawun da ya kama hankalinsa na silifas ne, irin wanda kowa yake da shi a banɗaki. Ya fito daga ƙaramar ƙofar baya, ya ratsa fili, ya biya ta ɗakina, ya shiga ofis, ya koma. Na bi bayan maigidan ina riƙe masa hula. Ya kai layin gefe ya tsaya, ya auna da sandarsa, ya yi gaba zuwa layin tsakiya ya sake aunawa. Daga nan sawun ya ɓace, don yara sun riga sun fara motsa jiki a wannan rabin kafin a gano an yi sata, sun tattake komai. Abin da ya tsira shi ne gaban ragar da ke can ƙarshe, inda ya dasa sabuwar ciyawa ya kewaye da igiya, wurin da ko Shugaba ba ya takawa. Bai duba can ba, don bai ga abin da zai kai ɓarawo cikin igiya ba alhali ga hanya a gefe.

Na tambaye shi me ya gani. Ya ce ya ga mai ladabi. Haka yake, in yana bin sawu magana sai ka saya.

*

Maigadi ya rantse ba wanda ya shiga ta babbar ƙofa, kuma idonsa biyu. Maigidan ya dubi ɓurɓushin burodin da ke gemunsa, ya tambaye shi ko daga bencin mai shayi ana hango ƙofar baya. Maigadi ya kakkaɓe gemu, sannan ya ce shi dai ba a taɓa ce masa ya tsare ƙofar baya ba.

Da rana zargi ya ɗan karkata kan Koci. Muna da babban wasa ranar Asabar, kuma an ji shi da bakinsa yana cewa da za a ɗaga tafiyar nan da mako guda da ya yi sadaka. Muka same shi a ɗakin canza kaya yana zana 'yan wasa a allo. Bai musa ba, ya ce ƙwarai yana son yaron ranar Asabar, amma shi ma an taɓa kiransa gwaji, rauni ya hana shi, ya san yadda abin yake kwana a zuciya. Maigidan ya roƙe shi ya ɗauko masa ruwa a randar da ke ƙarshen ɗakin, ya bi ƙafafunsa da kallo har ya dawo. Da muka fito ya ce ba shi ba ne, Koci yana jan ƙafar hagu tun raunin nan, mai silifas kuwa ƙafafunsa lafiya lau.

Sai Dogo, golanmu na yanzu, abokin Bahago tun suna yara. An ce yana jin haushi don Kashi Goma ya ƙi ɗaukarsa. Da aka tambaye shi ya cika ya batse, ya ce ƙwarai ya ji haushi. Wai ya je har gida ya ce zai sayar da babur ɗinsa ya kawo kuɗin a nema masa gwaji, mutumin ya ce ya riƙe babur ɗinsa, ya koma ya yi shekara guda yana gyara bugun ƙafarsa, kuma duk ejan ɗin da ya nemi kuɗi a hannunsa kafin gwaji ɓarawo ne. Dogo ya faɗi wannan ne a matsayin laifin mutumin. Maigidan ya sa ya ɗora ƙafarsa kusa da sandar awo, sai ga ta ta zarce da yatsa uku. Ƙafar Dogo in ya cire takalmi a ɗakina sai na buɗe taga, balle a ɓoye sawunta.

Kashi Goma da kansa ya zo ɗakin wankina ranar Talata da safe, don ya ce nan kaɗai ne ba a binsa da harara. Bai san ni ma hararar nake yi ba, na dai juya masa baya ne. Ya kife bokiti ya zauna, wayoyinsa biyu suna ta kuka bai ɗauka ba. Ya gaya wa maigidan shekara biyu yana zuwa kallon Bahago kafin ya yi masa magana. Ya aika hotunan wasansa ƙungiyoyi arba'in, uku suka amsa, ɗaya ta ce a kawo shi. Ya mayar musu da takardar yarjejeniya sau biyu, don ba su rubuta wanda zai yi jinyar yaron in ya ji rauni a gwaji ba. Ya ce ya san abin da ake faɗa a kan masu sana'arsa, kuma rabinsa gaskiya ne, wake ɗaya ma yana ɓata gari balle mudu guda.

Maigidan bai ko kalli fuskarsa ba, takalminsa yake kallo, wanda bakinsa ya yi fari fat da farar ƙasa. Sun sha yin faɗa a kan wannan, don mutumin in yana waya bai san akwai layi a duniya ba.

"Ka taɓa buga ƙwallo?" ya tambaye shi.

"Baba, ko a makaranta ni ake ba riƙon riguna."

Tambayar ke nan, babu ta biyu. Da ya tafi na ce wa maigidan daɗin baki ai jarinsu ne. Ya ce baki yana ƙarya, ƙafa ba ta iya ba. Sannan ya buɗe mini abin da ya auna: mai silifas bai taka layi ko ɗaya ba. Duk inda ya kai farar ƙasa sai ya tsallake ya dira da ƙafar dama, zuwa da dawowa, yana cikin saurin sata. Ya ce 'yan ƙwallo ne kaɗai suke haka, don a wurinsu taka layi yayin shiga fili jawo wa kai rashin sa'a ne, har abin ya zame musu jiki. Na ce to ai ya rage mana mutum talatin ke nan maimakon ɗaya. Ya ce haka ne, amma ya fitar da wanda ake shirin yankawa.

*

Da yammacin Talatar nan ya ɗauki bokitin feshi ya nufi sabuwar ciyawarsa, wadda yake ba ruwa da hannu kamar jaririya. Ina kwashe shanya na ji ya kira ni. Na same shi zaune a ƙasa a cikin igiya, abin da ban taɓa gani ba.

Sawun silifas yana nan, ya ƙetare igiya ya shigo. A daidai tsakiyar ɗan layin da ke gaban raga an sa diddige an karce ƙasa, an ja ta baya kamar kamu biyu, ciyawar ta tuge. Daga nan sawun ya fita ya nufi ƙofar baya.

Ban gane ba sai da ya yi mini bayani. Masu tsaron raga na da, in suka shigo fili, sukan karce tsakiyar layin nan da diddige, don in sun fito tarar ɗan wasa su san inda tsakiyar ragarsu take ba sai sun waiwaya ba. Yanzu an hana, alƙalin wasa kati yake bayarwa, yaran zamani ba su ma san da shi ba. Ya ce shekara biyar yana cike wannan ramin duk ranar Lahadi, yana zagin mai yin sa, mai yin sa yana ba shi haƙuri yana kuma sakewa, har ranar da ya ajiye safar hannu.

Na gane tsohon golanmu yake nufi. Kawu abokin shayinsa ne, kuma shi yake gyara masa keke kyauta. Na ce ya je a asirce ya karɓo ambulan ɗin, mu ce an tsince shi a bayan kabad, kowa ya huta. Ya ce in aka yi haka, har abada za a ce ejan ne ya ji tsoro ya jefar. A gaban jama'a aka ci mutuncin mutumin, a gaban jama'a za a wanke shi. Na ji haushin maganar, don na san gaskiya ce.

Duk da haka ya tura kekensa zuwa shagon Kawu, wai tayar baya ta yi sanyi. Ya ce mini abin da ya faɗa masa kawai shi ne gobe da la'asar za a taru a fili, kowa ya zo da abin da ya ga ya dace. Kawu ya buga masa iska har tayar ta kusa fashewa, bai ɗago kai ba.

*

Laraba da la'asar kowa ya hallara a ƙofar ofis. Shugaba ya zo da wasiƙarsa a buge, saura sa hannu. Ga Sakatare, ga Koci, ga Dogo da sauran yara, ga Bahago da uwarsa, wadda ta riga ta haɗa masa jaka tun mako guda ta ƙi kwancewa. Mutanen bakin ƙofa suka jeru a jikin wayar shingen fili. Kashi Goma yana tsaye shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da kowa. Kawu ya zo da tsohuwar jakar safar hannunsa a rataye.

Maigidan bai yi dogon jawabi ba. Ya ce kowa ya biyo shi zuwa raga ta can, a tafi yadda aka saba tafiya. Ya riga ya sabunta layin gefe da rana, yana nan sharaf. Da aka ƙetare sai ya ce a tsaya, kowa ya ɗaga tafin takalminsa. Shugaba fari, Sakatare fari, uwar Bahago fari, nawa ma fari, na Kashi Goma kuwa kamar ya yi rawa a kai. Koci da yara da Kawu, ko ɗigo babu. Sannan ya gaya musu abin da ya gaya mini game da mai silifas. Kowa ya sake duban tafin takalminsa. Na ga mai shayi ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar wandonsa.

Sakatare ya ce to wane ne a cikin talatin. Maigidan ya ci gaba da tafiya har bakin igiya, ya nuna karcen da sandarsa. Yaran suka leƙa ba su gane komai ba. Koci ya gane, don na ga ya rufe ido.

"Ba sai ka ƙarasa ba, Bi-Sawu," in ji Kawu. Ya zuge jakarsa, ya ɗaga safar hannu, ya zaro ambulan ɗin ya miƙa wa Shugaba. "Wallahi ban san na yi karcen nan ba. Ƙafar ce ta yi abinta."

Bahago ya ce Kawu, sau ɗaya, a hankali. Kawu bai dube shi ba, yayar tasa ma da ta fara kuka bai duba ba. Ya ce tun da aka sa ranar tafiya yake ganin ɗakin otal ɗin nan, da labulensa, da wayar da ya zauna yana jira ta yi ƙara. Ya ce ya san yaron zai tsane shi, amma gara ya tsane shi a gida yana ci yana ƙoshi. Niyyarsa ya mayar ranar Juma'a bayan jirgi ya tashi. Bai zaci abin zai faɗa kan wani ba, da ya ga ya faɗa kan ejan kuma sai zuciyarsa ta ce ai duk ɗaya ne, wani ya biya bashin wani. Wannan, in ji shi, shi ne abin da ya fi jin kunya.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kowa a wurin ya san haka. Ni dai tausayinsa ya kama ni.

Kashi Goma ya karɓi ambulan ɗin daga hannun Shugaba ya juya shi. Salatif yana nan yadda ya manna.

"Kawu, ba ka buɗe ba?"

"Ba na buɗe abin da ba nawa ba."

Wani ya yi dariya a jikin waya, ya yi sauri ya mayar da ita tari. Ɓarawo mai amana ban taɓa gani ba sai ranar.

Kashi Goma ya yage bakin ambulan ɗin, ya ba Bahago fasfonsa, sannan ya zaro wata ƙaramar farar ambulan. A bayanta an rubuta Kawu da manyan baƙaƙe. Ya ce shi ba ya fita da ɗan kowa sai ya damƙa wa iyayensa ranar dawowarsa a hannu, shi ya sa ya ce a buɗe a gaban Shugaba. A ciki akwai takardar tikitin dawowa, an biya, da adireshin gidan da yaron zai sauka, da lambar matar da take dafa wa 'yan gwaji abinci, da lambar ɗan'uwansa shi ejan ɗin na ciki ɗaya, ko da za a neme shi a rasa.

"Na san labarinka, Kawu," ya ce. "Duk garin nan ba wanda ban ji shi a bakinsa ba. Don kai na sa lambar yayana."

Kawu ya riƙe takardar da hannayen nan nasa masu karkatattun yatsu, ya nisanta ta don ba shi da tabarau, ya karanta ranar a fili, ashirin da uku ga wata. Ya sake karantawa. Kwana biyu yana kwana da ita a ƙarƙashin matashi. Sai ya tsuguna a bakin igiya ya rufe fuska da ita, Bahago ya tsuguna kusa da shi ya dafa kafaɗarsa.

Shugaba ya ninke wasiƙarsa sau huɗu ya tura aljihu, yana cewa dama shi tun farko bai so a yi gaggawa ba. Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta. Ya tambayi Kashi Goma ko yana so a kai maganar gaba, tunda shi aka ɓata wa suna. Ya ce a'a, yana da jirgin da zai kama gobe. Maigidan ya ce in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu, shi ciyawarsa aka tuge, don haka Kawu zai cike ramin nan da hannunsa, ya kuma ba shi ruwa har ya toho.

Ni ban iya ba da haƙuri da baki ba, ban saba ba. Na ce wa Kashi Goma ya cire takalman nan in goge masa, kada ya shiga jirgi kamar mai aikin gini. Ya tsaya a kan safa a ƙofar ɗakina yana ce mini babbar mace, na ƙyale shi.

*

Ashirin da uku ga wata ta zo ta wuce, Bahago bai dawo ba. Sun riƙe shi, sun ba shi shekara biyu, sai hutun ƙarshen kakar wasa zai zo. Kashi Goma ne ya kawo labarin da kansa har shagon keke, da sabuwar takarda mai sabuwar rana. Kawu ya karɓa ya haɗa da ta farko a cikin jakar safar hannu, yana mitar an yi asarar tikiti a banza.

A bakin ƙofa har yau Kashi Goma suke ce masa, kuma in aka tashi zagin ejan-ejan ba a fasa ba, sai dai a ƙarshe mai shayi yakan ce ban da namu. Ramin gaban raga ya toho, Kawu yana zuwa duba shi kullum da yamma, maigidan yana binsa a baya yana tsaron diddigensa.

Rannan ina shanya na hango ejan ɗin ya ratso fili, waya a kunne, ya zo kallon Dogo. Da ya kai layin gefe sai ya tsaya cak, ya waiwayi maigidan, ya tattare wandonsa ya yi tsalle. Da diddige ya dira a tsakiyar farar ƙasar, ya ja ta kamu guda. Maigidan ya ɗauki bokitinsa ya nufi wurin yana faɗa, amma ni da na san shi shekara talatin na ga dariya yake yi.